Kalma Biyu da Baba Bai Faɗa Ba

Mu a wajenmu ba a kiran sunansa, Mamba kawai ake cewa. Tun siyasar farko ya shiga majalisa, sunan ya manne masa, aka yi ta sauya gwamnati shi yana nan daram. Soja su zo, ka ji an sa shi a wani kwamiti. Farar hula su dawo, ka ga hotonsa a jikin bishiyoyin bakin titi tun daga Kwanar Dangora har Doguwa, jam'iyya dabam, karin hula iri ɗaya. Ba zan faɗi garinsu ba. 'Ya'yansa suna nan da ransu, ni kuma ba rigima na fito nema ba, ko da yake in ta zo ba zan gudu ba.

In kana so teburin mai shayi ya hargitse a wancan lokacin, to ka ambaci Mamba. Wannan zai ce shi ya kawo musu rijiyar burtsatse, shi ya sama wa ƙaninsa aiki a ma'aikatar ruwa. Wancan zai buga kofi a tebur ya ce a je a tambaya gonar wa ke kwance a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, wadda sai mutum ya gaji da tafiya bai kai ƙarshenta ba. Abin haushin shi ne duk su biyun gaskiya suke faɗa. Firamaren da ni kaina na yi shi ya kawo ta, kuma har yau ba na jin daɗin faɗar haka.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Lokacin da za a yi dam ɗin, Mamba ne ya zo ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa iyayenmu bayani, domin shi suka sani, shi ne ɗan ƙasa. Ya ce ruwa ba zai wuce tsamiyoyin gangaren gari ba, maƙabarta kuwa ko feshi ba zai taɓa ta ba. Ya ce duk wanda ya tashi za a ba shi fadamar da ta fi tasa. Ruwa ya zo ya shanye tsamiyoyin da masallacin da maƙabartar, har da kabarin kakana da na kakata. Aka tsugunar da mu a kan wani tsandauri mai jar ƙasa, fadamar kuma aka wayi gari ta zama ta Mamba da mutanensa. Babana, manomin rake da dawa, da furfura a gemunsa ya koyi jefa koma a wajen baƙin masunta. Har ya bar duniya bai daina tsoron ruwa ba, kullum in zai shiga jirgi sai ka ga laɓɓansa suna motsi.

Ban taɓa jin Baba ya zagi Mamba ba. Shi dama ba ya zagi, gatse ne makaminsa. In ka yi barci har rana ta take, zai dube ka ya ce, "Sannu da sammako." In gishiri ya zarce a miya, zai ce wa Inna, "Ashe gishiri ya sauko a kasuwa." Abin da yake yi wa Mamba ɗaya ne: duk ranar da aka ce motocinsa za su shigo garinmu, Baba zai ɗauki komarsa ya nufi ruwa, ko da kuwa ba lokacin su ba ne. Shekara da shekaru bai taɓa miƙa masa hannu ba. Wannan ɗan abin shi ne duk girman da ya rage masa, kuma dattawan da suka taso tare daga tsohon gari suna ganinsa da shi. Bayan magariba sukan haɗu a ƙofar gidan amininsa, wanda muke kira Baffa, kowa a fito masa da akushinsa daga gida, a jera a tsakiya a yi ciyayya. A wannan tabarmar, in Baba ya yi magana ana saurare.

A ƙarshen shekarun tamanin ina koyarwa a wata firamare kusa da Kwanar Dangora, nakan zo gida ƙarshen mako. Wata Asabar da hantsi sai ga farar mota a ƙofar gidanmu. Mutum biyu suka fito. Ɗaya saurayi ne ɗan birni mai tabarau, riƙe da rikoda. Ɗayan kuwa babban ɗan Mamba ne, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba. Suka ce littafin tarihin Mamba ake rubutawa, ana so a ji ta bakin mutanen da aka tsugunar. Ranar kasuwa ce, Baffa da sauran dattawa duk ba sa gari. Na daɗe ina tunanin ko da gangan aka zaɓi ranar, har yanzu ban yanke ba.

To me Baba zai yi? Ga baƙi a zaurensa, ga furar da ya sa aka dama musu suna sha, ga ɗan mutum a durƙushe yana ce masa Baba. Ba a aibata uba a gaban ɗansa, balle ɗan yana kan tabarmarka. Mai tabarau ya danna rikoda ya ce, "Baba, me za ka ce game da abin da Mamba ya yi muku lokacin tashi?"

Baba ya daɗe yana kallon kaset ɗin yana juyawa. Sannan ya ce, a hankali, da muryar nan tasa ta sannu da sammako, "Mamba ai ya yi mana abin da ba za mu taɓa mantawa ba, mu da 'ya'yanmu da jikokinmu. Allah ya saka masa."

Ya tsaya nan. Ina zaune a bakin ƙofa, na ji da kunnena, kuma na ga yadda ɗan Mamba ya sunkuyar da kai yana wasa da ludayi. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san bambancin "Allah ya saka masa da alheri" da "Allah ya saka masa" a yi shiru. Ta farko godiya ce. Ta biyu kai ƙara ce wajen da ba a ɗaukaka ƙara. Suka ɗauki Baba hoto da komarsa a kafaɗa, suka yi sallama. Da daddare ya ba dattawa labari aka yi ta dariya, Baffa har da tari, yana cewa, "Ka gama da su, wallahi ka gama da su."

Bayan kamar shekara guda hedimasta ya shigo ofis da kwali, ya ce kyauta ce aka raba wa makarantu. Littafi ne mai kauri, na Hausa, an ce akwai na Turanci ma. Na buɗe ina neman babin dam. Sunan babin ma kansa sai da ya sa na ajiye littafin na fita na zaga bayan aji na dawo, domin cewa aka yi Mamba ya share hawayen mutanen da ruwa ya kora. Ga hoton Baba ya cika rabin shafi. A ƙasansa an rubuta maganarsa tiryan-tiryan, ba a taɓa ko wasali ba, sai a ƙarshe: Allah ya saka masa da alheri.

Na so in ɓoye. Amma ina, kafin in je gida an fara karanta littafin a rediyo, babi-babi, da yamma, lokacin da kowa ke zaune. Mai karatun kuma irin masu zaƙin muryar nan ne, da ya zo kan "da alheri" sai da ya ja ta ya lanƙwasa, kamar mai raba goron ɗaurin aure. Ya faɗi sunan Baba da sunan garinmu.

Babu wanda ya ce wa Baba uffan, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Baffa dai ya tambaye shi sau ɗaya, a gaban kowa, "Ashe akwai sauran maganar da ba ka ba mu labari ba?" Baba ya ce bai faɗa ba. Na ce ni ma ina wurin, bai faɗa ba. Baffa ya dube ni ya ce, "To, Malam, ai kai ɗansa ne." Wani daga gefe ya ce shi dai ya san rediyo ba ta ƙara wa mutum magana. Wani ya tuna cewa ai an ga farar mota ta daɗe a ƙofar gidanmu. Daga ranar, in an jera akussa, sai hannuwa su yi ta kewaye na Baba. Ana gaisawa da shi, ana matsa masa wuri, amma tuwonsa shi kaɗai yake ci, sauran ya koma gida. Inna ta sauya miya, ta sa man shanu, har kaza ta taɓa yankawa ba sallah ba suna. Akushin ya dawo da cinyoyin a ciki.

Ni na kasa zaune na kasa tsaye. In ina aji hankalina yana gida, in na zo gida ƙafata tana ƙaiƙayin komawa. Na hau mota na tafi Kano neman mai tabarau, na yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan har na same shi. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini lemo. Na ce kaset nake so. Ya ce ai an daɗe da naɗar wani abu a kai, kaset tsada yake. Na ce to me ya sa ya ƙara wa tsoho magana?

Ya ce, "Haba Malam, ƙari kuma? Gyara ne. Jimlar ce ba ta cika ba. Ka san mutanenmu na karkara sukan haɗiye ƙarshen magana."

Na ce, "Kai Bahaushe ne?"

Ya yi dariya ya ce har kakansa na bakwai. Daga yadda ya kau da ido na gane ya ji abin da Baba ya ce sarai, ya kuma san inda aka dosa. Ya ce in an zo bugu na biyu zai duba. Na bar masa lemonsa a kan tebur ban sha ba, na fito ina ta saƙa maganganun da ya kamata in faɗa masa, waɗanda ba su zo mini ba sai da mota ta wuce Kura.

Ana nan sai ga wani ɗan littafin kuma, siriri, mai baƙin bango, wanda abokan hamayyar Mamba suka buga ana sayarwa a tasha. Na saya da murna, na ce yau ga masu faɗar gaskiya. Sun faɗi zancen fadama, sun faɗi zancen maƙabarta, har na fara gyaɗa kai. Sai na juya shafi na ga sun kwafo maganar Baba daga wancan littafin, da alherinta da komai, suka ce ga misalin yadda Mamba yake sayen bakin talaka da buhun shinkafa. Ko ƙafarsu ba su taɓa sawa a garinmu ba. Littafi biyu ke nan, masu gaba da juna, sun haɗu a kan abu ɗaya tak, wato cewa babana ya gode wa Mamba. Wannan na biyun ban kai shi gida ba, amma wani ɗan Baffa mai zuwa Tudun Wada sayar da kifi ya kai.

Abin da ya fi damuna a shekarun nan shi ne yadda na ga littafin yana cin gaskiya a gaban idona. Malamai 'yan'uwana suna ɗauko tambayar jarrabawa daga cikinsa. Yaran da aka haifa a kan tsandaurin nan, waɗanda kakanninsu ke kwance a ƙarƙashin ruwa, suna rubuta mini cewa Mamba ne ya ceci mutanen dam. In na ja jan biro a kai, yaro ya kawo mini shafin ya nuna, ga kuma hoton babana yana ba shi gaskiya. Me zan ce masa? Dattawan da suka san zancen suna ta raguwa, duk damina sai an rasa ɗaya ko biyu, littafin kuwa ko tari ba ya yi.

Baba ya rame. Ya ci gaba da fita ciyayya, domin a ganinsa in ya daina ya amsa laifi ke nan. Yakan zauna ya ci 'yar lomarsa, gatsen ma ya bar shi. Ran nan Inna ta zuba gishiri ya yi yawa, ina jin da gangan ta yi, ya cinye bai ce komai ba. Ta koma madafa ta yi kuka.

Da soja suka sake buɗe siyasa a farkon shekarun casa'in, Mamba ya fito kamar yadda ya saba, ya tsufa amma muryar tana nan. Wata Juma'a Baba ya kira ni ya ce, "Gobe za ka kai ni wajen mutumin nan a babur ɗinka." Na ce me za a yi? Ya ce, "Magana mai kwana na yi masa, aka miƙe mini ita. To zan je in faɗa masa a miƙe, a gaban mutane, yadda ba mai iya gyarawa." Na roƙe shi mu tafi da Baffa ya zama shaida. Ya aika aka gaya masa. Baffa ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Muka tafi da safe. Baba bai saba hawa babur ba, ya riƙe rigata ta baya tamau, ina jin numfashinsa a wuyana. A hanya sau biyu yana sa ni in tsaya, ya sauka ya ɗan taka, ya dawo. Na gane maganar yake maimaitawa a ransa. Mutumin da ya shekara sittin da wani abu bai taɓa duban idon babba ya gaya masa baƙar magana ba, ba ƙaramin abu ya ɗauko ba.

Zauren Mamba ya cika maƙil, 'yan siyasa da masu neman alfarma da maroƙa, takalma a ƙofa kamar na masallacin Juma'a. Babban ɗan nan nasa ya hango mu, ya taso da sauri ya kama hannun Baba, yana cewa a ba da hanya, ga dattijon da ke cikin littafi. Aka yi ta leƙe ana nuna shi. Aka kai shi har gaban kujerar Mamba aka ce ya zauna a kan kilishi. Baba bai zauna ba.

Ya ce, "Mamba, ni ban zo gaisuwa ba. Na zo in gaya maka ka cuce mu. Ka yi mana ƙarya a ƙofar masallaci, ruwa ya ci iyayenmu, ka cinye fadamarmu. Ban taɓa gode maka ba, kuma ban yafe ba."

Ni kam wallahi ban taɓa jin alfahari da ubana kamar wannan lokacin ba. Mamba ya dube shi, ya ɗan karkata kai. Sai ya fashe da dariya, irin ta ciki, har yana dukan hannun kujera.

Ya ce, "Kun ji shi ko? Kun ji ɗan banzan tsohon nan? Haka muke da shi tun muna samari, bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba! Ku je ku karanta abin da ya faɗa a bayan idona, sannan ku ji abin da yake faɗa a gabana."

Zaure ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Har da masu share hawaye. Wani maroƙi ya miƙe yana kirari, yana cewa amini na ƙwarai sai Mamba, mai abokin wasa har cikin masunta. Baba ya ɗaga murya ya ce ba wasa yake yi ba, aka ƙara tuntsirewa, wani yana cewa, "Kai, tsohon nan ya iya!" Ai sun karanta, ko an karanta musu. Sun riga sun san wane ne shi.

Mamba ya miƙo hannu ya kamo na Baba, ya jawo shi kusa kamar zai raɗa masa wani abin dariyar. Ina dab da su, na ji. Babu dariya a muryar ko kaɗan. Ya ce, "Na san ba ka ce da alheri ba. Ranar da aka karanta mini na ce wannan ba bakinka ba ne. Amma an riga an buga, Malam. Ka je ka huta." Sannan ya saki hannun, ya ɗaga murya ya ce a kawo wa amininsa riga.

Aka kawo babbar riga mai aiki aka ɗora wa Baba a kafaɗa. Ya zame ta ya ajiye a kan kilishi, ya juya, muka fito ana ta yi mana Allah ya kiyaye hanya. Wannan karon bai riƙe rigata ba, sai da na yi ta waiwaye ina duba ko yana nan.

Mun wuce rabin hanya sai wata a-kori-kura mai hoton Mamba a jiki ta taho a guje ta bayanmu. Direban ya danna mana ham na gaisuwa, ya ɗaga hannu, ya wuce. Ban kawo komai a raina ba. Sai da muka shigo gari bayan la'asar na hango yara sun taru a ƙofar gidanmu. Ga buhun shinkafa an jingine a bakin zaure, ga rigar nan a ninke a kansa. Direban ya riga ya ba kowa labari cewa yau ya ga abin mamaki, Baba da Mamba hannu cikin hannu, suna ta ƙyaƙyata dariya har da raɗa. Baffa yana tsaye a ƙofar gidansa, a kan ƙafar da aka ce tana ciwo. Ya dubi buhun, ya dubi Baba, ya ce, "Sannu da hanya." Ya shige gida.

Na ce bari in je in yi musu bayani, in rantse da Alƙur'ani in ana so. Baba ya ce, "Bari." Ya sa aka kai buhun da rigar masallaci aka ajiye, duk mai so ya ɗauka, ko da yake ya san wannan ma za a ce don an gani ne.

Da aka idar da magariba Inna ta zuba tuwo a akushi, ta tsaya da shi a hannu, ta ce, "Malam, a fitar?"

Ya ce, "Kawo nan."

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci tuwon dare a cikin gida ba. Babu ma wurin zamansa a tsakar gidan. Inna ta rasa inda za ta shimfiɗa masa tabarma, ta ja ta nan, ta mai da ta can, daga ƙarshe ta shimfiɗa a gindin rumbu. Ya zauna ya ba ƙofa baya. Ta kan katanga muna jin muryoyin dattawa suna taruwa a ƙofar gidan Baffa, ana jera akussa, wani yana cewa a matso. Baba ya wanke hannu ya yi bismilla. A gindin rumbun nan ya ci tuwonsa har ƙarshen ransa.